Na sayi faifan Battlefront II a jaka 6, yanzu ya zame mini ƙarfen ƙafa

Ɗanlami Mai Sal, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma wanda zai yi dariya don Allah ya bari ya gama karantawa tukuna. Makon jiya na shiga Mubi sayo manet (abin riƙewa na buga wasa) da wayoyin telebijin, sai yaron shagon ya zaro mini faifan PS4, Star Wars Battlefront II, ya ce tsohon hannu ne amma ko kwarzane babu. Na juya kwalin, ga sojoji masu fararen kaya, ga jirage, ga masu takobin haske. Na ce bari in canja wa yaran sal ɗina (ɗakin buga wasan bidiyo) miya, tunda kullum FIFA da PES ne kamar tuwo da kuka. Da aka juya naira zuwa sefa ya tashi mini jaka 6, wato sefa 6,000.

Na dawo na saka. Hoto kam ba magana, har mai shayin ƙofata ya bar tukunyarsa ya leƙo. Amma rabin abin da ke cikin wasan a rufe yake, duk inda ka taɓa sai ya ce a haɗa da intanet. Abin da ya buɗu shi ne labarin wata soja wanda mutum ɗaya ne ke bugawa, sai wani ɗan ɓangare da ake raba allo biyu. Kwana biyu yara suka yi suna ɗoki, a na uku kowa ya koma ƙwallo. Wani ma cewa ya yi in mayar masa da dala 20 ɗinsa, wato sefa 100. Da na haɗa shi da wayata sai ya nemi mizajur, wato sabuntawa, na gomman giga. To in zuba forfe (data) in sabunta shi, ko in nemi wanda zan jefa wa?

Ɗan Koton:
Wa alaikumus salam. Yaya Ɗanlami, wanda ya bar sana'ar da ke ba shi abinci ya tafi yaƙin sararin samaniya ai sai abin da ya gani. Ka mayar da FIFA, Allah ya mayar maka da alheri.

Ɗanlami Mai Sal, Garwa:
Na san kai za ka fara. Na ce a gama karantawa.

Abba Kusiri:
Yaya kar ka sayar. Abin da ke kan faifan nan wasan Nuwamba 2017 ne, ranar da ya fito, kuma a ranar shi ne wasan da aka fi zagi a duniya. Wanda mutane ke yabo yanzu wani abu ne daban, an yi kusan shekara biyu da rabi ana gyara shi har zuwa Afrilu 2020 da suka daina ƙari. Filin yaƙin Geonosis, da jarumai irin su Obi-Wan, Grievous, Dooku, Anakin, duk daga baya suka shigo, ba ɗaya a kan faifanka. Akwai kuma Instant Action da suka ƙara a 2019, babban fili ne kai da sojojin kwamfuta, ba ya buƙatar rezo, wato intanet, ko kaɗan. Ka sha wahalar sabuntawa sau ɗaya, shi ke nan.

Ni a kwamfuta nake bugawa. A Janairun 2021 Epic Games Store suka raba shi kyauta na mako guda, na danna na ajiye, sai bayan wata huɗu na samu inda na sauke shi.

Mushe Hamidu, Marwa:
Abba ɗana, ka faɗi gaskiya amma ka ɓoye rabinta. Wannan Instant Action ɗin mutum nawa ke bugawa a na'ura ɗaya?

Abba Kusiri:
Ɗaya ne, Mushe.

Mushe Hamidu, Marwa:
To ka gani. Ɗanlami ba ɗakin kwanansa ya kai na'urar ba, sal ne. Kuɗin sal ba daga mutum ɗaya da ya zauna shiru yake fitowa ba, daga biyu ne da ke neman kunyata juna, da goma da ke tsaye a bayansu suna jiran wanda aka cinye ya tashi. Wasan da ba ya haifar da gardama a benci ba ya biyan kuɗin kuran, wato wutar lantarki.

Bari in ba ku labari tunda kun sa na tuna. Sunan nan Battlefront II ba sabo ba ne. Akwai na farko da ya fito a 2005, kamfanin Pandemic ne suka yi wa LucasArts, a PS2 da Xbox da kwamfuta da PSP. Ina aji biyu a jami'a lokacin da ya iso hannunmu, a wani ɗaki a unguwar Domayo ta Marwa, telebijin mai ƙusumbi inci 14, fanka ba ta juyawa sai an tura ta da biro. Ka saka faifai, komai na ciki. Akwai wani ɓangare, Galactic Conquest, kamar dara ne da duniyoyi: ka tura rundunar jiragenka, in kun haɗu da abokin gaba sai a sauka a gwabza, wanda ya ci ya karɓe duniyar da kuɗinta. Ni da abokina mun yi hutun damina guda a kan yaƙi ɗaya, muna ajiyewa a katin memori. A yaƙin sama kuwa kana iya tuƙa ƙaramin jirginka ka sauka a cikin katon jirgin abokin gaba, ka fito a ƙafa ka fasa masa injuna daga ciki. Wannan na 2017 da duk kyawun hotonsa bai ba ka haka daga faifai ba.

Tsohon an yi shi ne don wanda ya sayi faifai. Sabon an yi shi ne don wanda ke da intanet a bango kamar famfo. Mu ba a yi lissafi da mu ba.

Ɗan Koton:
Mushe ya buɗe darasin tarihi, kowa ya fito da kaye da biro.

Zainabu, Dang:
Ina kwana Mushe, ina kwananku duka. Ni a labarin nan da Yaya Ɗanlami ya raina nake so in tsaya. Na buga shi har ƙarshe a PS4 ɗin yayana lokacin hutu. Battlefront na 2015 ba shi da labari ko kaɗan, mutane suka yi ta ƙorafi, shi ya sa a wannan suka sa kamfanin Motive na Kanada ya rubuta. Iden Versio kwamandar wata ƙaramar runduna ce ta masu mulkin danniya, Inferno Squad, kuma an fara ne a daidai lokacin da aka tarwatsa musu babban makaminsu a Endor. Akwai wurin da take tsaye a cikin daji ta ɗaga kai ta ga abin ya fashe a sama. A fim murna ake yi a wannan lokacin, a nan kuwa kana tsaye cikin waɗanda aka kayar. Tsigar jikina ta tashi.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne ba a je ko'ina ba ta sauya sheƙa ta koma wajen 'yan tawaye. An tallata mana cewa za mu ga yaƙin ta idon ɗaya ɓangaren, sai suka ji tsoro suka mayar da ita mutuniyar kirki da wuri. Duk da haka awa biyar ko shida ne masu daɗi. Yaya, ka sa farashin awa maimakon farashin wasa, akwai yaran da labari suke so.

Ɗanlami Mai Sal, Garwa:
Ƙanwata na gode, amma yaran Rumde Ajiya ba sa jiran a gama magana a allo. Da an fara surutu sai su danna a tsallake. Mai baƙar hular nan kawai suke tambaya, wai Mai Minshari, saboda yadda yake numfashi. Na ce musu a kulle yake, suka ce to in biya a buɗe mana.

Abba Kusiri:
Mai Minshari! Wallahi na ɗauka. Yaya ai a kan wannan Darth Vader ɗin aka yi rigimar gaba ɗaya. Kafin wasan ya fito sosai waɗanda suka fara gwadawa suka ga shi da Luke Skywalker kowanne kiredit 60,000 ne na cikin wasa. Wani ya yi lissafi ya ce sai ka yi kusan awa 40 kana bugawa kafin ka buɗe guda ɗaya, bayan ka riga ka biya dalar Amurka 60 kuɗin wasan. Kamfanin EA, masu wasan, suka zo dandalin Reddit suka ba da amsa wai suna so ne mutum ya ji alfahari idan ya buɗe da guminsa. Mutum sama da 600,000 suka danna mata alamar ƙi, har ta shiga kundin Guinness. Suka rage farashin da kashi 75 cikin 100, ya dawo 15,000, wutar ba ta mutu ba. Ana gobe wasan zai fito suka rufe sayen komai da kuɗin gaske. A Maris 2018 suka rushe tsarin, suka buɗe jaruman ga kowa.

Malam Sani, Gidar:
Assalamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, ɗana ne ya sa ni ciki don in riƙa ganin abin da suke yi. Abba, ka yi mini bayanin abin da ake saye da kuɗin gasken.

Abba Kusiri:
Wa alaikumus salam Malam. Akwatuna ne. Ka biya a ba ka akwati a rufe, ba ka san me ke ciki ba sai ka buɗe. Wani lokaci katin da zai ƙara wa sojanka ƙarfi, wani lokaci tarkace. Mai kuɗi ya yi ta buɗewa har ya fi ka ƙarfi a fili ko da ka fi shi iya harbi.

Malam Sani, Gidar:
To wannan ai ba ya buƙatar dogon bincike. Ka ba da kuɗi sananne, ka karɓi abin da ba ka sani ba, kana fatan sa'a. Da a bakin kasuwa wani ya kafa tebur yana yi wa yara haka da kwalaye, da sunan da za mu kira shi daban ne.

Mahamat, Injamena:
Malam ba kai kaɗai ka gani haka ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta buɗe bincike a kan wannan wasan tun a Nuwamba 2017. A Afrilu 2018 ta ce irin waɗannan akwatuna caca ne a ƙarƙashin dokarsu. Abin dariyar, Battlefront II da ya jawo binciken ya tsira saboda ya riga ya cire nasa, waɗanda aka kama su ne Overwatch da Counter-Strike da FIFA 18. A farkon 2019 EA ta daina sayar da FIFA Points, kuɗin sayen akwatunan FIFA, a Beljiyam. Don haka Ɗan Koton da ke ta dariya, akwatin na gidanka.

Ɗan Koton:
A'a a'a, ni Ultimate Team, ɓangaren FIFA mai akwatunan, ban taɓa shiga ba. Ni Kamaru nake ɗauka in lallasa mutum da Abubakar Vincent in tashi. Kar a sa ni a layin Malam.

Malam Sani, Gidar:
Ba layi na kafa ba ɗana, tambaya na yi. Ɗanlami, in ka sabunta shi yaran za su iya zuba kuɗi a ciki?

Ɗanlami Mai Sal, Garwa:
Allah ya gafarta Malam, ko suna so babu hanya, ba katin banki a na'urar kuma ni ke riƙe da lambar sirri. Dala 20 ɗin ma da ƙyar wasu ke haɗawa.

Abba Kusiri:
Kuma bayan gyaran abin da ya rage na saye tufafin jarumai ne kawai, ba ya ƙara ƙarfi, kuma kana ganin abin da kake saya.

Mahamat, Injamena:
Mu dawo kan maganar intanet, don Abba yana ta zuga Yaya Ɗanlami bai gaya masa yadda muke shan wahala ba. Ni da Abba kogi ne kawai tsakaninmu, in na hau gadar Ngeli ina hango unguwarsu, amma in za mu haɗu a wasan sai saƙona ya je Jamus ya dawo. Cikin jerin sabobin da ake zaɓa ni ban ga na Afirka ba, Jamus ko Ayalan muke faɗawa. Jinkirina ba ya sauka ƙasa da milisakan 160, ranar da rezo ya ga dama ya kai 250. A ƙwallo za ka iya lallaɓawa da haka. A wasan da bakin bindigarka kawai kake gani, wanda ya riga danna shi ya ci, ka riga ka mutu kafin allonka ya gaya maka. Sau nawa ina shiga bayan bango in ce na tsira, sai in ga na faɗi, ashe a wajen Bajamushen har yanzu ina tsaye a fili.

Galactic Assault ɗin da ake yabo, mutum 20 da 20, na shiga na fita sau uku a dare ɗaya. Ga shi a PS4 sai ka biya PlayStation Plus kafin ma a bar ka ka shiga.

Abba Kusiri:
Kawu Mahamat ai ba a shiga da bindigar nesa a irin rezonmu. Ka ɗauki sojan Heavy mai garkuwa, ko Officer ka tsaya a bayan jama'a kana ƙarfafa su kana tara maki. Sannan ka danna ka mayar da kallon ta bayan kafaɗa maimakon ta ido, kana hango kwana kafin ka fito. Ko ka shiga Co-op, ku huɗu a kan sojojin kwamfuta, su ba ruwansu da jinkirinka. A can na fara samun Vader, minti shida na yi ina share wata doguwar hanya a cikin jirgi, ƙanena na bayana yana ihu har Inna ta fito da muciya.

Mushe Hamidu, Marwa:
Ka ji ko? Dabarun zama da talauci yake koya maka. Wasan da sai ka ɓuya a bayan Turawa kafin ka ji daɗinsa.

Zainabu, Dang:
Mushe kai ma ka cika son tsohon nan. Na ga bidiyonsa, sojojin kamar an sassaƙa su da itace, wasu na tafiya suna karo da bango. Ba wasan kake kewa ba, ɗakin Domayo kake kewa.

Mushe Hamidu, Marwa:
'Yata kin harbe ni a inda babu garkuwa. Akwai wannan, ban musa ba. Hoto da ƙara kam kamfanin DICE na Suwidin da suka haɗa sabon sun yi aiki, ƙarar bindigar ma kamar daga fim aka ciro. Amma ki duba, a Maris 2024 da aka sake fito da tsofaffin Battlefront biyu, na 2004 da na 2005, a haɗe, mutane suka yi rububi a kai duk da cewa fitowar ta zo da matsaloli. Da ba a kewarsa da ba a saya ba. Kuma EA ɗin nan ita ta sayi Pandemic ta rufe shi a 2009, daga baya Disney da ta sayi Lucasfilm mai Star Wars a 2012 ta miƙa wa EA wasannin Star Wars. Wato waɗanda suka iya dafa miyar an sallame su, aka riƙe sunan tukunyar.

Mahamat, Injamena:
Ni abin da ke ba ni dariya filin Tatooine ne. Rairayi, gidajen ƙasa masu ƙubba, kasuwa da rumfuna, rana na dukan kowa. A Tunusiya aka ɗauki wuraren a fim ɗin 1977, sunan ma daga garin Tatawin aka samo. Su a wajensu wata duniya ce mai nisa. Ni in na ɗaga labule ita nake gani, jiragen ne kawai babu.

Ɗan Koton:
Akwai rana biyu a can an ce. A Garwa cikin Afrilu guda ɗayar ma ta ishe mu.

Zainabu, Dang:
Yaya Ɗanlami ka gaya wa yaranka akwai ɗan Najeriya a ciki. Finn, John Boyega ne, a Landan aka haife shi amma iyayensa Yarabawa ne, kuma shi da kansa ya yi muryar a wasan. Sai dai shi ma a Disamba 2017 aka ƙara shi, ba ya kan faifai.

Ɗanlami Mai Sal, Garwa:
Kowa mai amfani ba ya kan faifai. To me na saya a Mubi, kwali?

Abba Kusiri:
Mabuɗi ka saya Yaya, ɗakin na intanet. Kar ka yi da forfen waya, za ka ƙone jaka 10 ba ka kai rabi ba. Ka nemi mai intanet na waya ta ƙasa, ofis ko otal, ka kai na'urar ta kwana.

Ɗanlami Mai Sal, Garwa:
Akwai ɗan ƙanwar matata da ke gadin dare a wani ofis, zan yi masa magana ya nemi izinin maigidansa. Zan dawo muku da labari.

Ɗanlami Mai Sal, Garwa:
Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Maigidan ya yarda, Allah ya saka masa. Daren farko kuran ya ɗauke ƙarfe ɗaya, kun san yadda ake rabon wuta in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, na'ura ta kwana a duhu. Dare na biyu ta sauke fiye da rabi sai ta tsaya ta ce wuri bai isa ba. Ashe PS4 sai ta samu sarari ta kwafe wasan kafin ta liƙa gyaran, ni kuma giga 500 ɗin nan na cika shi maƙil. Yaron ya kira ni ƙarfe biyun dare yana tambaya me zai goge. Cikin magagin barci na ce ya goge duk wanda ya fi girma. Ya goge FIFA.

Ɗan Koton:
Inna lillahi. Yaya ka ce wasa kake.

Ɗanlami Mai Sal, Garwa:
Faifan na nan, na mayar, amma sabbin 'yan wasan da na sauke bara sun tafi, yara na ta tambaya me ya sa wane ya koma tsohon kulob. Battlefront kuwa ya buɗu. Abba bai yi ƙarya ba, wani wasa ne daban. Mai Minshari ya fito, akwai wani yaro ɗan aji shida da ya biya awa biyu a kansa jiya, ya ƙi tashi sallar la'asar sai da na zare manet. Amma maganar Mushe ma ta fito: mutum ɗaya na bugawa, takwas na kallo kyauta. Na sa shi a telebijin ɗin lungu, dala 60 awa, kamar yadda Zainabu ta ce.

Mushe, na tono tsohuwar PS2 ɗina daga ƙarƙashin gado, na hure ƙura, ta kama. Faifan 2005 ɗin naka na nan?

Mushe Hamidu, Marwa:
Yana cikin akwatin takarduna tare da katin memori, in ɓera bai riga ka ba. Ranar Juma'a zan ba direban motar Garwa, ka aika yaro tasha bayan la'asar. Aro ne Ɗanlami, ba kyauta ba. Kuma kar wanda ya taɓa ajiyar da ke layi na biyu a katin, saura duniya uku mu gama wannan yaƙin.

Abba Kusiri:
Yaya ka cire yaron gadin nan daga kusa da katin.